Ƙannena, Ku Tausaya wa Ƙasan Idonku

Ƙannena mata da maza, musamman ku 'yan mata da kuka fara daɗewa a gaban madubi, ina so mu yi magana a kan ɗan wurin nan da bai fi faɗin yatsa biyu ba, wato ƙasan ido. Da yawanku kuna cikin damuwa a kansa. Wata nata ya yi baƙi, wata nata ya kumbura har ƙawaye na tambayar ko kuka ta yi, wani saurayi kuma ana ce masa ya fara tsufa alhali ko ashirin da biyar bai rufe ba. Ban ɗauki damuwar da wasa ba, don fuska ake fara gani, a fuskar ma ido ake fara kallo. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda kuke tunkarar matsalar. A yawancin fuskokin da na ga ƙasan idonsu ya lalace sosai, ba baƙin farko ne ya lalata su ba. Abin da aka shafa domin a kore shi ne ya yi ɓarnar.

Ku fara sanin yadda Allah ya halicci wurin. Fatar da ke zagaye da ido ita ce mafi rashin kauri a duk jikin ɗan Adam, wajen rabin milimita kawai. Ba ta da kitse mai yawa da zai tallafe ta, kuma ba ta fitar da maiƙo kamar goshi ko hanci, shi ya sa take saurin bushewa. Tamkar mayafi ne shara-shara, duk abin da ke bayansa sai an hango. A bayan nata kuwa akwai ƙananan jijiyoyin jini, da naman da ke rufe ido, da ƙashin kwarmin ido, da kitsen da ƙwayar ido ke zaune a cikinsa, wanda wani siririn tantani ke tare da shi don kada ya turo waje.

Baƙin ƙasan ido ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka ne ke sa ake asarar kuɗi. Akwai wanda fatar ce da kanta ta yi duhu, saboda melanin, sinadarin da ke ba mu launinmu, ya taru a wurin fiye da sauran fuska. Akwai wanda jini ne ke nunawa ta cikin fatar, sai wurin ya yi duhu mai ratsin shuɗi ko ja, an fi ganin wannan ga masu hasken fata. Akwai kuma wanda ba launi ba ne sam, inuwa ce: wurin ya ɗan lotsa tsakanin ido da kunci, ko kumburi ya turo, sai haske in ya sauko daga sama ya bar duhu a ƙarƙashi.

Kina iya gane naki ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ki wanke fuska, ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida da hantsi, kada ki tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarkin ɗaki. Ki ɗaga kai ki fuskanci hasken sama. In duhun ya ɓace, inuwa ce. In bai ɓace ba, ki sa ɗan yatsa a kan ƙashin kunci ki ja fatar ƙasa a hankali. In launin ya biyo fatar yana nan yadda yake, melanin ne. In kuwa ya ƙara yin shuɗi har kina hango siraran jijiyoyi, jini ne. Mutane da yawa sukan haɗa biyu, wasu ma duka ukun. Amma ko wannan ɗan gwajin ya isa ya nuna miki cewa wadda duhunta na inuwa ne, ko ta ƙarar da man shafawar kasuwar Kwari da na Sabon Gari ba za ta ga canji ba, don mai ba ya cike gurbi.

Kumburi shi ma kashi biyu ne. Wanda kika tashi da shi da asuba, kafin azahar ya sace, ruwa ne ya taru lokacin da kike kwance. Kuka kan kawo shi, haka gishiri da mura da kwanciya rubda ciki. Wanda kuma yake nan safe da yamma, ko kin yi barci ko ba ki yi ba, kitsen nan ne na bayan tantani ya turo. Yawanci shekaru ke kawo shi idan tantanin ya saki, amma a wasu gidajen yakan fito tun ana samari.

Kafin ki zargi kanki ko abincinki, ki dubi fuskar mahaifiyarki, da ta gwaggonninki da innoninki. In kin ga irin wannan duhun a zagayen idonsu, to gado ne, kuma gado na cikin manyan dalilai. Yana da yawa a tsakaninmu baƙar fata, da mutanen Indiya, da Larabawa. Wannan ba ciwo ba ne, ba alamar ƙazanta ba ce, kuma babu man da zai share shi tas. Ana iya rage shi, ana iya hana shi ƙaruwa, ana iya rufe shi ranar da ake so. Duk wanda ya yi miki alƙawarin fiye da haka, kuɗinki yake so.

Sai barci, maganar da kowa ya sani amma ba a son ji. Masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana, wanda ya haura haka kuma aƙalla awa 7. To ku yi lissafi da kanku. Wanda ya jira datar dare ya zauna a kan TikTok da WhatsApp har ƙarfe ɗaya, sannan ya tashi sallar asuba da ƙarfe biyar, awa huɗu ya samu. Haka ɗalibar da ke raba dare tana karatun WAEC ko JAMB da taimakon goro da kofi. Rashin barci na sa fatar fuska ta dusashe, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya taru, sai duhun ya fito fili. Wannan irin shi ne mafi sauƙin magani, don mako biyu na barci mai kyau kan nuna bambanci. A watan azumi, inda ga sahur ga tsayuwar dare, ku riƙi ƙailula da kyau, ku kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Amma abin da na fi so ku riƙe daga wannan nasiha shi ne maganar murza ido, domin ita ce za ta fahimtar da ku sauran. Fatarmu ta baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ji mata ciwo, ko aka ƙona ta, ko aka dame ta da gurza, sai ta mayar da martani da ƙarin melanin. Dalilin ke nan da ƙurjin fuska ke warkewa ya bar baƙin tabo na watanni. To ku duba abin da muke yi wa ido lokacin hunturu. Ƙura ta tashi, ga hayaƙin itace a madafa, ga turaren wuta a ɗaki an rufe taga, ga maganin sauro na kunnawa da dare. Ido ya kama ƙaiƙayi, hanci ya toshe, sai mutum ya dunƙule hannu ya yi ta murza da bayan yatsu har sai ya ji daɗi. Toshewar hancin kanta na hana jinin ƙasan ido wucewa yadda ya kamata, sai ya taru ya yi duhu, murzar kuma ta ƙara wa fatar baƙi a kai. Ku lura da yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido na kowace shekara, musamman maza ƙanana, za ku ga farin idonsu ya yi ƙasa-ƙasa, zagayen idon ya yi duhu. Irin wannan, maganinsa yana wurin likitan ido ko na hanci. In aka kashe ƙaiƙayin, hannu zai bar ido, fatar kuma ta samu ta huta. Kafin a je, duk lokacin da ƙaiƙayi ya taso, a wanke da ruwa mai tsabta a ɗora tsumma mai sanyi, kada a murza.

Gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin ɗunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Duk wanda ya rufe dare da indomi da tsire mai yaji, kada ya yi mamakin fuskar da zai gani da safe.

Ƙarancin jini ya fi wannan muhimmanci, musamman gare ku 'yan mata da ke zubar da jini kowane wata, ga zazzaɓin cizon sauro da ke cin nasa. Ki ja fatar idonki ta ƙasa ki dubi cikinta a madubi. Ya kamata ta yi ja. In kin gan ta fari-fat, ga kasala, ga jiri, ga haki in kin hau bene, ki je a auna miki jini, awon ba shi da tsada. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo suna ƙara ƙarfen da jini ke buƙata. Lemo ko gwaiba bayan cin abinci na taimaka wa jiki ya zuƙe shi, shayi kuwa in aka sha tare da abinci yana rage zuƙar.

Akwai kumburin da ba na kwalliya ba ne, kuma ina roƙonku ku san shi ko don ƙannenku da yayyenku. Yaron da ke tashi kullum da kumburarrun idanu, ƙafafunsa ko cikinsa na kumbura, fitsarinsa na kumfa ko ya ragu, ƙodarsa ake ji wa tsoro. Mai juna biyu da cikinta ya wuce wata biyar, ta ga fuska da hannu sun kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, wannan na iya zama hawan jinin da ke kai ga jijjiga, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar awo. Ido ɗaya da ya kumbura ya yi ja, da zafi da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce da ke iya shiga ciki. Idanun da suka fara firfitowa tare da rama da bugun zuciya, ko kumburin fuska tare da jin sanyi da nauyin jiki, a duba ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ake yi wa dabarar gida.

In ba ɗaya daga cikinsu ba ne, to ga abin da ke aiki a kan kumburin safe: sanyi. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, ya rage ruwan. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa ko na firij, ki matse, ki rufe ido ki ɗora na minti goma. Bayan cokali da ya yi sanyi yana yi, yankan kokwamba ko gurji yana yi, kuma sirrinsu duka sanyin ne. Jakar ganyen shayi da aka jiƙa ta huce tana da ɗan ƙarin amfani saboda kafeyin da ke cikinta. Ƙanƙara kada ta taɓa fata kai tsaye, a naɗe ta a ƙyalle. Da dare ki ƙara matashin kai ɗaya, ki kwanta rigingine ko ta gefe. Wannan duka na 'yan awoyi ne, kuma ba ya taɓa kumburin kitse.

Baƙin melanin kuwa babban abokin gabarsa haƙuri ne, babban mai ƙara shi kuma rana. Ranarmu ba ta wasa, kuma kuskure ne a ce baƙar fata ba ta buƙatar kariya. Tabarau mai tare zafin rana, malafa ko hula mai baki, lema, da man kare fata mai lamba 30 ko sama da haka, sun fi yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ido. Man kaɗanya tsantsa, ɗan kaɗan da dare, yana hana bushewa. Mayukan da ke ɗauke da bitamin C, ko niyasinamaid, ko kafeyin, suna ɗan rage duhu a hankali. Retinol na ƙara wa fatar ƙwari, amma yana iya sa ta yi ja ta yi saɓa, don haka ana farawa da ɗan mitsitsi sau biyu a mako, kuma mai ciki ba ta amfani da shi. Kowanne kika ɗauka, ki fara gwada shi a bayan kunne na kwana biyu, ki shafa da yatsan zobe kina ɗan dannawa a kan ƙashi, ba dab da gashin ido ba, sannan ki ba shi wata biyu zuwa uku. Abin da za ki samu sassauci ne, ba sabuwar fuska ba.

Rashin haƙurin nan ne ke kai mutane madafa. Ana yaɗa bidiyo ana cewa a matsa lemon tsami, a shafa man goge baki, a kwaɓa kanwa ko tafarnuwa, a goga man zafi. Duk waɗannan ƙona fata suke yi, kuma kun riga kun ji abin da fatarmu ke yi in an ƙona ta. Lemon tsami ma in ya haɗu da rana yakan bar tabo mai duhu da ke daɗewa. Haka dilka da sauran kayan gyaran jiki na amare, suna da wurinsu a hannu da ƙafa da baya, amma ba a gurza su a ƙasan ido.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne man haɗi, wanda ake zubawa a kwalba marar suna, ko ake sayarwa ta Instagram ana cewa na itatuwa ne zalla, a kwana bakwai za a ga aiki. Babu ganyen da ke ƙara hasken fata a kwana bakwai. Abin da ke yin wannan saurin yawanci sitiroyid ne mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason, magungunan da aka yi domin cututtukan fata, na ɗan lokaci, bisa umarnin likita. Su ne kuma ke cikin yawancin kirim ɗin bututu da ake ce wa mai aiki uku, wanda ake saye a kemis a matse cikin man shafawa. A makonnin farko fuska za ta yi haske da santsi, mai shafawa ta yi ta murna. Daga baya fatar, wadda dama ba kauri gare ta ba, sai ta ƙara sirancewa, jijiyoyi su fito ja-ja ko kore-kore, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a kunci. Kuma a kusa da ido ɓarnar ba ta tsaya a fata ba. Sitiroyid na iya ratsawa ya kawo gilakoma, wato hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye kuma abin da ya ci ba ya dawowa, yana kuma iya kawo yanar ido. Haka maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saya wa yara masu ƙaiƙayin ido ba tare da ganin likita ba. Abin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ne kawai.

Sinadari na biyu da ake samu a man haɗi shi ne haidirokwinon. Likitocin fata na amfani da shi, da awo, na 'yan watanni, sannan a dakata. Amma in aka ɗauki shekaru ana shafawa ana shiga rana, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi, mai tsatstsaura, a kan ƙashin kunci da gefen ido, daidai wurin da ake son gyarawa. Likitoci a Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan cuta a 1975, bayan sun gan ta a fuskokin mata masu shafa man ƙara haske, kuma har yau tana da wuyar magani ƙwarai. Na uku zaiba ce, wadda ake sakawa a wasu mayuka da sabulai, tana shiga jini ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma kai ga ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Ba ƙaramar matsala ba ce a wurinmu. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata. Gana ta hana haidirokwinon a kayan shafa a 2016, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Ku ƙara da wannan: ko man bai kai ga cuta ba, in fuska ta yi fari zagayen ido ba ya binta daidai, sai duhun da a da ba a lura da shi ya fito ƙuru-ƙuru.

Kwalli ado ne da muka gada, kuma yana da matsayi a addini, ba ni da niyyar raba ku da shi. Amma ku san abin da kuke saye. Yawancin dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa, dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan asalin Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, da aka bincika tozalin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Kada ku sa wa jarirai irin wannan. Ku kanku kuma, kwalli ko gazal da aka kwana da shi yakan zubo ƙasan ido, a tashi a yi ta gurzawa da bakin zane, a ƙara wa wurin duhu.

Yanzu ga wadda ke son rufe nata ranar biki ko ranar ɗaukar hoto. Babu laifi, kuma in an iya, ya fi kowane man haɗi aminci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki konsila mai fari sosai a zana babban alwatika daga ido zuwa kunci, a danna hoda a kai. Fari a kan baƙi toka-toka yake bayarwa, kuma da filashin kyamara ya haska sai amarya ta fito da zoben fari a kowane ido. Ga yadda masu hannu ke yi. A wanke fuska, a shafa mai ɗan kaɗan, a bar shi ya shiga. Sai a ɗauki abin gyara launi, ruwan lemo ga mai duhun fata, ja-ja ga wadda ta fi duhu, mai hasken ruwan goro ga farar mace, a ɗiga shi a kan duhun kawai, yawanci daga kusurwar ido ta wajen hanci. A danna da yatsan zobe ko jiƙaƙƙen soso har sai baƙin ya koma ruwan ƙasa. Wannan launin shi ke kashe duhun. Bayan haka a ɗora konsila daidai da launin fatarki, ko wadda ta ɗara shi haske da taki ɗaya tak, siririya, ana dannawa ba a ja. In bai isa ba a ƙara siririn shafi na biyu. A ƙarshe a taɓa hoda kaɗan da ƙaramin buroshi, a kaɗe saura.

Kumburi kuwa dokarsa akasin haka ce. Haske na turo abu gaba, don haka in kika shafa mai haske a kan kumburin kin ƙara masa girma. Ki sunkuyar da kai kaɗan ki ɗago ido ki dubi madubi, za ki ga layin inuwa a ƙarƙashin kumburin. Wannan layin kaɗai za ki bi da konsila mai ɗan haske, da siririn buroshi. Kan kumburin kuma ki bar shi da launin fatarki, kada ki sa masa mai ƙyalli. Kafin nan ki riga ki ɗora sanyi na minti goma.

Duk abin da aka shafa, a cire shi kafin barci, da auduga da ɗan mai ko ruwan cire kwalliya. A ɗora audugar a bari ta jiƙa shi, sannan a share a hankali. Ki tuna kwalliya mai kauri da ba ta barin ruwa ya taɓa fata tana shiga tsakaninki da alwala. Kuma kada ki yarda mai kwalliya ta taɓa idonki da buroshin da ya zagaye fuskokin ƙawayen amarya goma ba a wanke ba, ta nan ciwon ido ke yawo.

Za ku ji labarin allura da tiyata. Gaskiya ne ana cike lotsawar ƙasan ido da allurar hayaluronik, tana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Gaskiya ne kuma ana yin tiyata a cire kitsen da ya turo ko a mayar da shi inda ya lotsa, sau da yawa ta cikin fatar ido yadda ba a ganin tabo, kuma ita ce maganin kumburin kitse na dindindin. Amma allurar in ta shiga jijiyar jini tana iya makantarwa nan take. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ya faru. Leza da sinadaran saɓe fata su ma, in ba hannun wanda ya san baƙar fata ba, ƙara duhu suke yi. Wannan aikin ƙwararren likita ne a asibiti. Shagon kwalliya ko ɗakin otal ba wurin allura ba ne, kome kyan hotunan da aka nuna miki. Ga matashi mai shekara ashirin kuwa, da wuya a ce yana buƙatar ɗaya daga ciki.

Ina kuma so ku yi wa kanku adalci game da waya. Kyamarar gaba ta yawancin wayoyi tana shafe fuska da kanta, ga tacewar Snapchat da TikTok a kai. Wanda ya saba ganin kansa a haka, ranar da ya dubi madubi sai ya ga kamar wani abu ya same shi. 'Yan fim da amaren da kuke kallo, da fitila a gabansu, da mai kwalliya a gefe. Ku dubi mutanen gidanku da rana tsaka, za ku ga kusan kowa na da ɗan duhu ko ɗan layi a ƙasan ido, kuma bai hana ku ganin kyansu ba. Ku ma iyaye da yayye, ku daina ce wa yarinya idonta ya yi baƙi a gaban mutane, irin wannan maganar ce ke tura ta wurin mai haɗi.

Ƙanwata da kika riga kika daɗe kina shafa irin man haɗin nan, kada kunya ta hana ki neman taimako, kuma kada ki yar da shi rana ɗaya ke kaɗai. Fatar da ta saba da sitiroyid, in aka yanke mata shi farat ɗaya, bore take yi: ja, raɗaɗi, ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma wannan ne ke mayar da mutane ga kwalbar. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali. Akwai masu duba fata a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano, in sun yi miki nisa ki fara da babban asibitin garinku. Ki sa kwalbar a jaka ki tafi da ita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina shafawa, ki kuma roƙi a auna miki hawan jinin ido da fitsari.